Ɗan Aiken da Ke Ƙwaurin Inna Kande

A gidanmu na unguwar Ambassatna wuta ba ta mutuwa da wuri, domin Baba mahauci ne, bayan magariba yake gasa kilishi. A gefen wutar nan kakarmu Inna Kande take miƙe ƙafa ta tara mu. Tsohuwa ce mai tafiyar tsiya, a ƙasa take zuwa kasuwa ta dawo, tana yi wa masu hawa kilando, wato babur ɗin haya, dariya.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani makiyayi ce da ya daɗe a kwance. Ran da ya miƙe ya bi shanu, sai ƙwaurinsa ya hau ƙaiƙayi. Ya je wurin boka ya ce a kashe masa shi. Boka ya ce, "Wannan ai ɗan aike ne, hanya yake buɗe wa jini." Makiyayi ya nace, aka ba shi magani. Ƙaiƙayi ya tafi, ƙarfi kuma bai zo ba. Shanu suka haye kogi suka bar shi.

"Kun ji dai, 'yan nema," in ji Inna, tana dungure mini goshi. "Ku sosa, ku ci gaba da tafiya."

Da Baba ya samu buɗi muka koma unguwar Goudji, ya ce uwarsa ta gama taka ƙasa, kada mutane su zage shi. Aka shimfiɗa mata darduma, aka ajiye buta kusa da ita. Kowa ya yaba wannan gata. Da tafiya ta yi tafiya ƙafafun suka yi nauyi, likita ya ce ta riƙa zagayawa. Ta fita da sanda, ta dawo ƙwauri ya yi ja tana susa. Baba ya tsorata, ya sayo ƙwayar ƙaiƙayi mai sa barci.

"Bar ni, Sale, ɗan aiken ne," ta ce masa.

"Inna, wannan ba tatsuniya ba ce. Sha ki kwanta."

Ta sha, don kada ransa ya ɓaci. Ba ta sake kai bakin ƙofa da ƙafarta ba.

Sai da na girma wata likita ta faɗa mini sunan ɗan aiken, wai histamin. Jiki ke sakinsa idan tsoka ta yi aiki, ya buɗe ƙananan hanyoyin jini, da taimakonsa tsoka ke ƙara ƙarfi. Ban ce ƙwaya ce ta ɗauke Inna ba, kwananta ne ya ƙare. Amma abin yana ci mini rai.

Yanzu Baba ne a kan darduma. Jiya na lallaɓa shi muka fita bayan sallar asuba. Ba mu yi nisa ba ya tsaya, ya duƙa yana susar ƙwauri. Ya daɗe a duƙe, sai na ga kafaɗunsa suna rawa.

"Inna ta faɗa mini," ya ce. "Riƙe ni, mu ƙarasa."