Kaset ɗin da Na Toshe wa Rami

Ɗan fari ne, shi ya sa ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. A nan Jidda na haife shi, a Madain Fahd. Da ya girma ya samu tuƙi a wani gida a Abhur, can ɗan maigidan ya ba shi wani kaset na Turawan Amurka.

Ni dai ban ji kiɗa a ciki ba. Mutum ya fara a hankali kamar mai ciwon haƙori, sai kawai ya ɓarke da ihu, jita tana gurnani kamar injin niƙa. Ɗana ya ce samari uku ne suka yi shi cikin 'yan makonni, da yagaggun riguna, duniya kuma ta ɗauka.

Na ce, "To me aka yi musu?"

"Ya Ummi, ba wanda ya san suna nan. Shi suke wa ihu."

"Tashi ka yi sallah. Allah ya san kana nan."

Sai ya haɗa kai da abokansa biyu za su yi nasu, Hausa da Larabci a cakuɗe. Duk Juma'a bayan la'asar suna wani sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta nan Jidda, inda mai buga musu ganga yake gadi. Wata bakwai yana dawowa murya a dishe, yatsu a tsage. Ina kallo, harara ce kawai tsakaninmu. Suka gama, kaset ɗaya tak, ba su kai ga kwafa ba. Ya kawo mini ya ce in saurara. Na ce wanki nake.

Mu da ba mu yi karatu ba, da kaset muke wasiƙa. Ki zauna gaban rediyo, ki danna jan maɓalli, ki faɗi abin da ke ranki, ki ba masu komawa gida. A satin nan wata baƙuwar maƙwabta ta gama umara za ta Kano, garin da yayata take. Mota na jira, ana ta yalla yalla, ni kuwa ba ni da sabon kaset. Na ɗauki wanda ke kan akwatinsa. Akwai rubutu a jiki, wannan bai dame ni ba. Amma ya ɓalle ɗan haƙorin da ke gefen kaset, ya bar rami, don kada a ɗauki magana a kai. Ba macen unguwarmu da ba ta san abin da ramin nan yake nufi ba, ba kuma wadda ba ta san maganinsa ba. Na yagi takarda, na dunƙule, na toshe.

Da ya dawo ya ce, "Ummi, ina kaset ɗin kan akwati?"

"Ya tafi Kano."

"Na fa ɓalle shi."

"Ni karatu na iya?"

"Ban ce rubutu ba. Rami na ce."

Na kau da kai. Ya ce halas, wato shi ke nan da Larabci, ya fita. Mai ihun nan ko murya bai ɗaga mini ba.

Sun ce za su sake, ba su samu ba. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, bai sabunta masa iƙama ba, wato takardar zama, aka kama shi a hanya, aka kai shi Najeriya da bai taɓa gani ba. A damina ta biyu zazzaɓi ya ɗauke shi.

Yanzu kiɗan Turawan nan a fili ake sa shi a bakin teku, fuskar Baturen da ke ihu a ciki tana jikin riguna a kasuwa. Mai gangar ya yi furfura. Duk Sallah yana zuwa gaishe ni, bai taɓa tayar da maganar ba.

Bara yayata ta rasu, aka aiko mini da kaset ɗin cikin kayanta. Mai gangar ya kawo tsohon rediyo muka sa. Muryata ce gaba da baya: gaisuwa, sannan ƙara. Ɗan nan ya lalace, ihu yake kamar mai aljanu, ku taya ni addu'a. Inda na yi sallama sai aka ji ƙas, jita ta taso, ɗana ya ja numfashi, ya buɗe baki da kalma ɗaya da ba ta ƙarasa ba. Zaren ya ƙare.

Mai gangar, da yake kirana Khala, wato inna, ya goge ido ya ce, "Khala, zan sa miki wannan guntun a waya, in cire sauran."

Na ce ya bar shi yadda yake. Bayan la'asar nakan sa shi tun daga farko, ba na tsallake komai. Har yau ban gane kalmar ba.