Tabon da ke jikin jitar

Agogo ake ce masa, saboda hannunsa na dama ba ya sauri, ba ya nawa. Gugar kaya ce sana'arsa, amma shekara talatin ke nan yana zama a bayan mawaƙa da jitarsa ta katako, yana riƙe musu kiɗa. Ba ya cikin masu yatsu na rawa a kan tsirkiya a tafa musu. Shi dai ƙasa, sama, ƙasa, har waƙa ta ƙare.

Aibinsa ɗaya, zargi. Idan ka gaishe shi da fara'a, sai ya yini yana tunanin me kake nema. Ko yayansa, wanda ya koya masa kiɗan, shekara ashirin ba sa ga-maciji, tun ranar da ya ce yayan na zagayawa yana ƙwace masa mawaƙa. Ba wanda ya taɓa ganin shaidar hakan.

To, sai jitarsa ta faɗo daga ƙusa, cikinta ya tsage. Mawaƙiyar da yake wa kiɗa ta ce tana da gwaji nan da kwana huɗu, idan bai samo wata ba za ta kawo mai fiyano, irin wadda ke buga kiɗa da kanta. Maganar ta tsaya masa a rai, don ya san idan kujerar nan ta suɓuce ba za ta dawo ba.

Ya tafi shagon mai gyaran jita da ɗan madubin matarsa a aljihu. Sabuwa ba ta cikin lissafinsa. A wurinsa katakon da bai tsufa ba ihu kawai yake yi. Mai gyaran ya sauko da tsofaffi biyu. Ɗaya fes, ko ƙwarzane babu. Ɗayar ta sha duniya, fentin ƙasan raminta ya cinye har katako ya fito.

Agogo ya sunsuna cikin kowacce, ya zura madubi ya leƙa, ya kanne ido ya bi wuyan da kallo. Da ya buga mai tabon, sautin ya fito a dunƙule, mai kauri, irin wanda murya ke jingina da shi. Amma mai gyaran ya cika zaƙewa. Sau uku yana cewa wannan ce ta dace da shi, ya ɗauka kawai, sa daidaita.

Nan Agogo ya ƙura wa tabon ido. Doguwar shara ce mai lanƙwasa, da ɗan wutsiya a ƙarshe inda farce ke gogawa. Sak na jitarsa da ta fashe, wadda ke ajiye a shagon nan tun shekaranjiya.

"Da samfefa ka kankare wannan," in ji shi. "Ka kalli tawa ka kwaikwaya, don in ga kamar hannuna ne. Ni za ka yi wa wayo?"

Agogo ya rungumi mai ƙyallin ya fita yana jin ya tsallake tarko.

Ranar gwaji, waƙar farko ta tafi lafiya. A ta biyu tsirkiyoyi suka fara saki, ta ƙasan tana zuza kamar ƙuda a kwalba. Ashe ba banza ba ta shekara arba'in babu mai taɓa ta. Mawaƙiyar ba ta yi faɗa ba, ta dai ce ta ƙara masa kwana ɗaya. Kunya ta rufe shi.

Ya koma shagon a fusace, ya tarar da mai tabon a jingine, kamar ana jiransa.

"An hana ni faɗa, amma na gaji," in ji mai gyaran. "Jitar yayanka ce, matarsa ce ta kawo ta. Ɓarin jikinsa ya shanye tun bara, hannun ba ya motsi. Da ya ji taka ta fashe ya ce a ba ka, amma kada a ce daga gare shi take, don za ka ce da wata a ƙasa."

Agogo ya zauna a kan benci. Ya ɗora jitar a cinya, ya sauke hannu a hankali, farcensa ya bi lanƙwasar nan har wutsiya. Ai dole tabo ya zo ɗaya. Wanda ya riƙe masa wuyan hannu yana yaro, yana cewa ƙasa, sama, wato yayansa, shi ya yi wannan tabon.

Duk da haka sai da ya ciro madubin ya sake leƙa cikinta, hali ya riga ya zauna. Bai ga komai ba sai ƙura.

Sannan ya tambayi mai gyaran, murya ƙasa-ƙasa, ko har yanzu yayan nasa yana tsohon gidan.