Takalmin Ankon Bikin Abokina

Shekarun baya can, da babban abokina zai yi aure, aka fitar mana da anko mu abokan ango: shadda ruwan toka, hula zanna, da takalmin fata sau-ciki. To ni ba na cin nama, ba na kuma sa fata, tun ina yaro a Bungudu da aka yi layya da ragon da na raina da hannuna, aka mayar da fatarsa buzu a ɗakin kakana. Ban ce haram ba ne, halal ne tsaf. Raina ne kawai ba ya ɗauka. Ga ni kuma da shegen son gayu, ko cefane za ni sai na karya hula.

Na ce wa ango zan kai ragowar shaddata wajen mai ɗinkin takalmi a kasuwar Gusau, ya lulluɓe mini na roba da ita. Ya ce, "Haba, kada ka ɓata muna tsari. Bar mini, zan samo maka na leda mai kama da namu sak."

Ranar ɗaurin aure a Tsafe ya miƙo mini su. Kai, sun yi kyau! Ga laushi. Na sake tambayarsa, ya ce leda ce zalla. Na zura, ina ta yanga, har ina tattare ƙafar wando don a gani.

Bayan an shafa fatiha mun zauna cin abinci, ina fama da shinkafa da wakena, sai ango ya tafa hannu. "Jama'a, ku dubi ƙafar mai tausayin dabbobi! Fatar akuya ce tsantsa, tun safe yake cikinta. To mi ya same ka? Ka mutu?" Kowa ya kece da dariya.

Duk duniya shi kaɗai na taɓa ba labarin ragon nan, har da ƙwalla a gabansa. Ashe ajiyewa ya yi don ya nishaɗantar da baƙinsa! Na cire takalman na dire masa. Na ce, "Ga kayanka. Allah ya ba da zaman lafiya."

Haka na taka zuwa tasha ƙafa ba takalmi, cikin babbar riga, kwalta na gasa ni. Direba ya dube ni ya ce, "Malam, a masallaci aka ɗauke?" Na ce, "Ina ma a ce haka ne. Ɓarawo ai bai san ni ba."

Daga baya ya zo har gida, wai wasa ne. Na yafe, muna gaisawa, 'ya'yansa ma Baba suke ce mini. Amma in na tuna dariyar nan sai na ji raina ya ɓaci sabo fil. Har yau in ya miƙo mini abu, ko ruwan sha ne, sai na leƙa cikin kofin.