Alkawarin da Baba Ya Yi a Makirufo

Har yanzu in na ji hon ɗin tirela, ko a talabijin ne, sai ƙafata ta nemi birki. Wata biyu ke nan. Zan faɗi yadda aka yi da bakina, don a cocinmu an riga an ba da labarin iri uku, kuma a dukansu ni ce marar kunya.

Ina zaune da Anti, ƙanwar babana, a garin Woodbridge, nan Amurka. Ita nas ce. Ni kuwa wata tsohuwa nake kula da ita a Lanham, in yi mata wanka, in ba ta magani, in saurari labarin mijinta da ya mutu tun ba a haife ni ba. Daga gidanmu zuwa can sai an hau titin 95, kuma ina tsoron titin nan kamar me. Sai a karo na uku na ci jarrabawar tuƙi, shi ma ina jin mai gwajin gajiya ya yi da ganin fuskata.

Akwai wani dattijo a cocinmu da ke aiki a wurin sayar da motoci. Kowa Baba yake ce masa. Shi ke karanta sanarwa ran Lahadi, shi ke tsawata wa masu zuwa a makare. Da ya ji matsalata sai ya ce, "'Yata, ke da tsoro kun rabu. Akwai motar da ke riƙe layi da kanta, ta taka birki da kanta. Ke dai ki harɗe kamar matar gwamna."

Sai dai, in ji shi, manhajar da ke wannan aikin ba ta iso ba tukuna. Za ta sauko cikin motar ta iska, kamar saƙon waya, kafin Kirsimeti. In na biya kuɗinta yanzu na huta, don gaba za ta yi tsada. Kuɗin ya kai albashina na wata biyu, ban da na motar.

Ran sayen, aka tara mini takardu a gabana. Na fara karanta shafin farko ke nan sai Anti ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin tebur.

"Baba ne fa," ta ce a kunnena. "Za ki tsaya karatu a gabansa kamar kin kama ɓarawo?"

Duk da haka na daure na ce, "Baba, ina wurin da aka rubuta Kirsimetin?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaran yanzu! Ni na faɗa miki, kina neman takarda?"

Na sa hannu a duk inda yatsansa ya nuna.

Mu ba ma hawa sabuwar mota sai an keɓe ta. Ran Lahadi bayan sujada aka fito filin ajiye motoci. Fasto ya shafa mai a goshin motar da tayoyi huɗu, matan zumunta suka yi waƙa da guɗa. Ba wanda ya gayyaci Baba ya yi magana, amma Baba bai taɓa ganin makirufo ya wuce ba. Ya karɓa, ya yi jawabi mai tsawo. Anti kuwa ta ɗaga wayarta sama tun daga farko har ƙarshe, don a tura wa dangi a Jos su gani, musamman waɗanda suka ce zuwana Amurka ɓata kuɗin jirgi ne.

Kirsimeti ya zo ya wuce. Ista ma haka. Ni ce dai nake tuƙa motar, hannu biyu a kan sitiyari, wuya a sanƙare, ina karanta Zabura a zuci. Matan coci kullum sai sun tambaya, "Ta fara tuƙa kanta?" Kawuna a Jos ya ce in turo masa hotona ina barci mota na tafiya. Baba kuwa amsarsa ɗaya ce: "Ana nan ana aiki, 'yata. Haƙuri."

Sai wata Lahadi ya tare ni a bakin ƙofa. "Manhajar ta sauka! A ofis na ji, an tura wa kowa a makon nan."

Washegari da safe allon motar ya nuna an sauke wani sabon abu. Rubutu ya fito, na danna na wuce ban karanta ba. Wannan kam laifina ne. Daga baya na gane taswira da rediyo kawai aka gyara. Na hau 95, na jira hanya ta miƙe, na danna wani maɓalli a sitiyari, wata 'yar fitila ta kama. Na ce to, matar gwamna. Na saki hannuna.

Ban san daƙiƙa nawa ba ne. Motar ta zame hagu a hankali, kamar mai neman wurin zama a coci. Sai hon. Na juya na ga tayar tirela daidai tagata, tsayinta ya fi ni. Na fizgi sitiyari, na keta layi biyu, madubina ya daki ƙarfen gefen titi ya tashi. Na kira jinin Yesu, na kuma kira wani abu da ba zan rubuta ba. Da motar ta tsaya ƙafata ta ƙi sauka daga birki. Wandon aikina, mai hoton 'yan kyanwoyi, ya jiƙe sharkaf. Haka Anti ta zo ta same ni bayan awa guda, ina riƙe da sitiyarin motar da take a kashe.

Tun a ranar na san abin da nake so. A dawo mini da kuɗin manhajar. Ko ta sauko gobe da mala'iku biyu a gefenta, ba na so.

Anti ta ce a bi ta hanyar manya. Fasto ya je ya sami Baba, suka yi addu'a, suka sha shayi. Abin da ya fito daga zaman shi ne takardar wankin mota kyauta sau uku.

Sai na kira 'yar ƙawar Anti, wata lauya da ke aiki a Washington. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta zo ran Asabar, ta durƙusa ta gaida Anti, ta baje takarduna a teburin kicin. Ita ce mutum ta farko da ta karanta su.

Ta nuna mini inda na yarda ba zan je babbar kotu ba, sai dai wurin mai sasanci. Ta nuna inda na yarda ba zan shiga ƙarar taron dangi da sauran masu irin motar ba. Ta nuna inda na yarda duk abin da mai sayarwa ya faɗa da baki ba ya cikin ciniki. Ashe na yarda da abubuwa da yawa a ranar. Amma ta ce takardar ta bar mini ƙaramar kotu, wadda mutum ke zuwa ko ba lauya, kuma akwai ofishin jiha mai karɓar kukan masu saye. Dokar jiha ba ta yarda a yaudari mai saye ba, in ji ta, sai dai ana son hujja. Wa ya ji alkawarin?

"Coci gaba ɗaya," na ce.

Ta ce to wa zai tsaya ya faɗa? Anti ta ɗaga kai tana duban silin kamar yau ta fara ganinsa.

Nan na tuna bidiyon. Yana nan a zauren danginmu na waya, kawuna ma ya sake turo shi sau biyu. Na kunna. Ga Baba cikin babbar riga, makirufo a hannu: "Ni na sayar da motar nan! Kafin Kirsimeti za ta riƙe layi da kanta, ta taka birki da kanta. A gaban Allah na faɗa!" Sai guɗa.

Lauya ta rufe baki, ta saki Hausar da ban taɓa jin ta yi ba: "Kai! Baba ya shiga uku."

"Ba za a kai dattijon coci ƙara da bidiyona ba," in ji Anti. "Da wane ido zan shiga zumunta?"

"Anti, da tirelar nan ta taka ni, da wane ido za ki kira Jos?"

Ta tashi ta hau wanke tukunyar da take a wanke.

Lauya ta rubuta wa manajan wurin sayar da motocin wasiƙa, muka haɗa da bidiyon da fassararsa. Bayan kwana goma ya kira ni ofis. Na je ni kaɗai, a tasi. Ya kunna bidiyon, guɗar matan zumunta ta cika ofishin har wata sakatariya ta leƙo. Ya ce shi ba ya jin yaren nan, kuma fassarar daga wurina ta fito. Sai ya aika a kira mutum ɗaya tilo a ginin da ke jin Hausa.

Baba ya shigo da taye a wuya. Na miƙe na ce, "Ina wuni, Baba," don bakina bai san wani abu ba. Bai dube ni ba. Manaja ya miƙa masa takardar fassarar ya ce, haka ka faɗa?

In Baba ya ce a'a, shi ke nan, sai kotu, ni da ko layin banki na tsaya sai zuciyata ta buga. Ya kalli kansa a allo, ya saurari "a gaban Allah na faɗa" har sau biyu, don manaja ya maimaita wurin. Ya cire tabarau ya goge.

Ya ce haka ne. Ya ƙara da cewa fassarar ma ta rage wani abu, don ya kuma ce motar za ta iya fakin da kanta.

An dawo mini da kuɗin manhajar, an cire ta daga cinikin. Madubi ni na gyara. Anti ta yi kwana tara ba ta yi mini magana ba sai "an gama abinci". Baba yana karanta sanarwa kamar kullum, in na gaishe shi sai ya amsa wa bangon da ke bayana.

Ban sake hawa 95 ba. Da safe nakan tuƙa motar zuwa tashar jirgin ƙasa, minti bakwai ta cikin unguwa, hannu biyu a sitiyari. Daga nan jirgi, sai jirgin cikin gari na Metro, sai bas, da kuɗin da aka dawo mini nake sayen tikiti. Tabon man Fasto yana nan a goshin motar. Na yi wankin kyautar nan duka uku, bai fita ba.