Alhaji Maazou, Wanda Ya Sauke Ni Daga Jirgi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga Oktoba, 1998, da hantsi, Allah ya karɓi ran Alhaji Maazou Boukari, mutumin Damagaram, a gidansa da ke bayan High Point Road a nan Greensboro ta Amurka. Ya dawo daga kai wata tsohuwa asibiti da tasinsa, ya ce wa maiɗakinsa Hajiya Hindou ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa a falo. Bai tashi ba.

Alhaji, na gaji da rubuta ta'aziyya. A garin nan, tunda an san na taɓa yin boko, duk wanda ya mutu sai a ce Malam Zubair ya rubuta wani abu a karanta a taron sadaka. Wannan ne kaɗai amfanin da karatuna na Zariya da na Ingila ya rage yana yi. Amma taka ba wanda ya sa ni.

Waɗanda suka zo daga baya ba su san yadda muka haɗu ba. Na zo ƙasar nan neman digirin dakta, na ƙare ina ɗaukar kujeru a sito. Kai kuwa ba ka zo da wani dogon buri ba, tasi ka zo ja, kuma ka ja ta. Ranar da ka fara jin ni Bakano ne ka ce ka samu bawa, tunda tsakanin Kano da Damagaram wasa ne tun kaka da kakanni. Ba ka taɓa kirana da sunana ba. Bakano, ko Furofesa in kana son ka ba ni haushi.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ni a 1993, mutane sun zo dubiya sati biyu na farko, da lemo da addu'a, sannan kowa ya koma aikinsa. Ban ga laifinsu ba, ƙasar ce haka. Kai ne ka ci gaba da zuwa kowace Juma'a. Ka naɗe keken guragu ka jefa a but, ka rungume ni ka zaunar a gaba, kana cewa Kanawa ko ciwo ba ya rage musu nauyin tuwo. Masallaci, asibiti, ɗakina. Duniyata ke nan shekara uku.

A 1996 'yarka Jidda, wadda ke aikin jinya, ta saya muku tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, kai da mahaifiyarta, mako guda ana zagaya tsibiran Karibiyan. Hajiya Hindou ta ce ita ko a kogin Kwara ba ta shiga kwalekwale ba, ba za ta fara da teku ba. Sai ka zo ka ce in shirya. Na ce maka ni ba kayan yawo ba ne. Ka ce ba jirgin kake so in gani ba, ƙasa kake so in taka wadda ba kwalta ba, in ga baƙaƙen mutane suna ciniki a kasuwa da hayaniya kamar mutanen kirki. Ka yi min alkawarin za ka sauke ni a tudu. Ban gaya maka ba, amma tun daga ranar ba abin da nake tunani sai wannan.

A cikin jirgin ba laifi. Akwai lif, akwai abinci da ya fi ƙarfin ciki, akwai ma'aikata masu murmushin da aka koya musu. Matsalar tana bakin ƙofa ne.

Tsibiri na farko ba shi da tashar da babban jirgi zai tsaya. Sai ya yada zango can cikin ruwa, ana kwashe mutane da ƙananan jirage. Ka tura ni har ƙasa inda ake shiga, muka bi layi. Ƙaramin jirgin yana hawa yana sauka da igiyar ruwa, tsakaninsa da mu akwai rata, kowa sai ya ɗaga ƙafa ya tsallaka. Da aka zo kanmu, jami'in da ke tsaye ya ce in miƙe, za su riƙe ni. Na ce ba na miƙewa. Ya ce ai an shaida musu tun daga ofis cewa ina iya yin 'yan taku.

Na juyo na tambaye ka da Hausa wa ya faɗa musu haka. Ka sosa gemu. Ka ce matar da ke sayar da tikitin ta tambaye ka a waya yaya jikin abokin tafiyar, ka ce da sauƙi, an gode Allah. Ta ce zai iya ɗan takawa? Ka ce in Allah ya yarda.

"To me zan ce mata, Bakano? In ce babu sauƙi, alhali Allah yana jina?"

Haka muke. Bahaushe ko yana kan gargara, ka tambayi 'yan uwansa za su ce da sauƙi. A gida kowa ya san ma'anar wannan, sai ya dubi fuskar mai magana ya gane sauran. Baturiyar da ke waya ba fuska take gani ba. Ta ji an ce mutum yana samun sauƙi, ta sa mu cikin masu ƙafa.

Na yi wa jami'in Turancin da na daɗe ban yi ba. Na tuna masa da dokar naƙasassu da aka sa wa hannu shekara shida kafin nan. Ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya ce jirgin tutar wata ƙasa yake ɗauke da ita, tsibirin kuma ba Amurka ba ne. Ka ce to za ka goya ni. Ya ce ba a yarda ba, in muka faɗa ruwa fa? Mutanen da ke bayanmu sun fara duba agogo. Ka juya keken muka koma sama.

Daga saman jirgin muka yini muna kallon tsibirin, kore shar, ga rufin gidaje, ga hayaƙin girki. Na ce ka tafi kai kaɗai. Ka ce a Damagaram ba a barin abokin tafiya a tasha, ko da Bakano ne. Na faɗa maka maganganu masu zafi ranar. Ka bar ni na gama, sannan ka cinye kifin da ke farantina, ka ce mai fushi ba ya jin yunwa.

Tsibiri na biyu ma ƙananan jirage ne. Ba mu ko sauka layi ba.

Na uku shi ne na ƙarshe, kuma yana da tasha. Gadar sauka a tsaye take kamar tsani, ka sauko da ni da baya-baya, ina jin numfashinka a ƙeyata. Muka iso inda motocin yawon suke. Kowace tana da matakala uku da ƙofa mai ƙunci. Mai jagorar ta ce in zan iya hawa, za a naɗe keken a sa a ƙasa. Da ta ga ba hali, ta nuna mana wata rumfa ta masu sayar da huluna da tsarabar roba a cikin shingen tashar, ta ce akwai inuwa. Motocin suka tafi. Na ce maka shi ke nan, siminti ma ƙasa ne, ka cika alkawari, mu koma.

Ka ce in jira ka. Ka fita ƙofar tashar da ɗan Faransancinka da Turancinka na tasi. Can sai ga ka a gaban wata akori-kura mai warin ayaba, tare da mai ita, wani dattijo mai furfura. Kuka jingina katako biyu, kuka tura ni sama. Babu igiya. Sai ka warware rawaninka, ka ɗaure keken da shi a jikin ƙarfen motar ta kowane ɓangare, ka zauna a kan buhu kana riƙe da ƙafata. Shekara goma sha wani abu da sanina da kai, ban taɓa ganin tsakiyar kanka ba sai ranar. Ashe sanƙo ne da kai. Na gaya maka, ka ce in na faɗa wa mutanen Greensboro za ka kwance ɗaurin a gangara.

Ba mu ga gidan tarihin da masu motar alfarma suka gani ba. Kasuwa dattijon ya kai mu. Mata suna faɗa a kan kifi, wani yana gasa masara, akuya tana cin ɓawon mangwaro. A bayan kasuwar akwai tsamiya, tsamiya irin tamu, da 'ya'yanta a zube. Lokacin azahar ya yi. Ka shimfiɗa babbar rigarka, ku biyu kuka sauke ni daga keken, ka jingina ni da gindin bishiyar. Tun da na kwanta ciwo a kan kujera nake salla, ina sunkuyar da kai a iska. Ranar ka tallafe ni ta ɓarin da ya mutu, har goshina ya kai ƙasa. Ƙasar tana da ɗumi. Na daɗe ban ɗago ba.

Mun dawo Greensboro ba abin da ya canja. Kamfanin bai san mun yi ba, tsibiran suna nan da matakalansu, kuma na tabbata yau ma akwai wani zaune a saman jirgi yana kallon tudu. Na daina tsammanin za a gyara irin waɗannan abubuwa a rayuwata. Abin da na sani shi ne mutum ɗaya ya ce zai sauke ni, kuma ya sauke ni.

Ranar Alhamis aka kai ka makwanci a bayan gari. An kwana ana ruwa. Surukinka Najib ya kawo ni, amma daga inda kwalta ta ƙare zuwa kabarin ciyawa ce jiƙe, tayoyin suka nutse tun a farko. Mutane suka tsaya suna duban juna, gawa tana jira. Na ce su je, nan ma ya isa. Suka tafi. Daga bakin hanya na ga bayansu kawai, ban zuba maka ƙasa ba.

Don haka zan faɗi abin da bakina ya kasa faɗa ranar, tunda a rubuce ya fi sauƙi. Safwan, kai ne babban ɗansa, da kai da Najib nake. Ina so in je kabarinsa in ƙasa ta bushe. Ba na iya taku ko ɗaya. Ba na samun sauƙi, likita ya ce ba zan samu ba. Sai mutum huɗu sun ɗaga keken, kuma ina da nauyi. Ku zaɓi ranar da ba ku da aiki.

Hajiya Hindou, Allah ya ba ki haƙurin rashin abokin zama. Jidda, Safwan, Salima, da 'yan uwa na Damagaram da za a karanta wa wannan, Allah ya ba ku dangana, ya albarkaci bayansa.

Ya Allah, ga bawanka Maazou ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa. Ya ɗauki nauyin da ba nasa ba bai taɓa yin mita ba, ka sauƙaƙa masa nasa ranar hisabi. Ka ƙetarar da shi siraɗi, ka saukar da shi a Aljannar Firdausi. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Zubair Husaini
Greensboro, Oktoba 1998