Shekarar Da Gora Ta Yi Fure

Mai Tsani ake ce masa, ko da yake yana haɗa gadaje da kujeru da kejin kaji. Rumfarsa na bayan gida, ƙasa cike da ɓawon gora, zarto da wuƙaƙe uku rataye a bango. Shekara talatin yana gangarawa bakin rafi saran gora, kuma ba ya taɓa wadda ba ta ƙosa ba. Da ya ƙwanƙwasa ta da bayan adda ya san shekarunta.

Wata damina sai kurmin gorar ya yi fure. Bai taɓa ganin haka ba, sai ya karyo reshe ya kai wa yayarsa, wadda ta ba shi shekara goma sha biyu.

Ta jujjuya reshen ta ce, "Ina yarinya na taɓa ganin wannan. In ta yi fure ta zubar da iri, mutuwa take yi gaba ɗaya. Ka fara neman wata sana'a, ƙanena."

Ya ce, "Yaya, da furfurar nan? Ni da ko ruwan zafi ban iya dafawa ba."

Maganarta kuwa ta tabbata. Kafin rani ya raba, kurmin ya bushe ƙayau. Kwana biyu Mai Tsani ya yi zaune a rumfa bai taɓa zarto ba. A rana ta uku matarsa ta miƙa masa tsintsiya da buhu, ta ce ɓeraye da tsuntsaye ba sa jiran ya gama tagumi. Tare suka gangara suka sharo irin, ƙanana kamar ƙwayar alkama, suka shuka a tsofaffin gwangwanaye da fasassun bokitai, har tsakar gida ta rasa wurin shanya.

Su kuwa manoman gefen rafin gona suka hango. Suka shirya cinna wa busasshen kurmin wuta. Mai Tsani ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su bar taku ashirin daga bakin ruwa, domin akwai iri kwance a ƙasa. Mutum ɗaya ne ya saurare shi, maƙwabcinsa da ake kira Dogo.

Dogo ya ce, "Ɓangarena gangare ne, ko masara ba ta tsayawa. Ɗauka, amma in awakina suka cinye, babu ruwana."

Mai Tsani ya share hanya kewaye da wurin don kada wuta ta tsallako, ya yi shinge da matacciyar gorar. Ruwa na sauka tsiro ya fito kamar ciyawa. Ya dasa na gwangwani a inda ya yi gibi. Shekarun nan da gyaran tsofaffin kujeru ya riƙe gida, wani lokaci kuma ya yi wa kafinta aikin yini.

A damina ta uku saiwoyin da aka ƙone suka ruɓe, rafi ya fara cin gonaki. Wani manomi ya wayi gari kunya shida na gyaɗarsa sun tafi da ruwa. Gaɓar Dogo kuwa ko gezau. Ba a yi mako ba mai gyaɗar ya yi sallama a rumfar Mai Tsani, yana ta kame-kame.

Mai Tsani ya ce, "Dashe kake so? Kawo baro. Ka bar taku huɗu tsakaninsu, ka tsare su daga awaki shekara biyu, kuma ban da wuta."

Bayansa wasu bakwai suka zo. Yanzu gora ta bi rafin har ta wuce gada, a wasu wuraren ta haura tsayin ɗaki. Ba ta yi kaurin tsani ba tukuna, keji da kwando kawai take yi. Mai Tsani ya ce sauran damina biyu. A makon jiya ma wani magini ya zo ya ce a ajiye masa tsani uku na farko.