Takardar da aka naɗe mini kifi

Jiya a kasuwar Gaya na sayi soyayyen kifi, aka naɗe mini a takarda. Ina buɗewa na ga rubutun Mushe, tsohon malaminmu na lissafi, mai ya jiƙe shi har ana ganin bayansa.

Bayan ya bar aiki, tambaya ɗaya ta riƙe shi. Ranar da na kai masa gaisuwa, ni ma na zama malama, na tarar da shi yana ƙulla guntayen igiyar masunta, tsakar gidan duk ƙarni. Ya ɗaga igiyar a rana, inuwarta ta sauka kan miƙaƙƙen kara.

"Ɗiyata, duba. Zare nawa ke faɗowa wuri ɗaya? Mafi ƙarancin adadin nake nema, shi ake kira gonalite. Kowane guntu shi kaɗai ba ya gardama. A ƙulli rigimar take, don dole bakin guntayen biyu su sauka wuri guda."

Ya miƙo mini kaye bakwai, wato littattafan rubutunsa, ya ce in karanta in nemo masa kuskure. Na ce sai hutu, na bar masa su. Hutu uku suka wuce ban koma ba.

Na tambayi mai kifin sauran takardun. Ta ce, "Hajiya, magada suka ba ni buhu guda, wannan ce ta ƙarshe."

Rabin shafi ya rage mini, ya tsaya a kan "saboda haka".

Allah ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya yafe mini hutun nan uku.